Warware Daidaiton Lissafi Mai Gutsure da Matsayin Hausa a Matsayin Harshen Bayani

Gabatarwa

Daga cikin darussan aljabara da ake koyarwa a ƙaramar sakandare, akwai guda ɗaya da malamai suka daɗe suna kuka da shi, wato warware daidaiton lissafi mai ɗauke da gutsure. Ɗalibin da zai warware 2x + 3 = 11 ba tare da gargada ba, da zarar an rubuta masa x/2 + x/3 = 10 sai ya tsaya cik, alhali kuwa mataki ɗaya tak ne ya raba na biyun da na farkon. Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, babban ɓangare na wannan cikas yana tasowa ne daga yadda ake karanta alamomin da baki, da kuma aikatau da malami ke amfani da su wajen bayani.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da yake zaune cikinta a azuzuwan farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a ƙarshen 2025 aka sanar da janye matakin. Duk waɗannan sauye-sauye ba su taɓa littafin lissafi na ƙaramar sakandare ba, domin da Ingilishi yake tun asali. Sai dai duk wanda ya san ajin da Hausawa suka fi yawa a cikinsa ya san cewa idan abu ya cije, malami kan juya ya yi bayani da Hausa. Wannan Hausar ta bayani ba wanda ya tsara ta. Ƙamusun kalmomin kimiyya da lissafi na harsunan Nijeriya tara da aka wallafa a shekarun 1980, wanda Hausa ke ciki, a matakin firamare ya tsaya. Saboda haka kowane malamin aljabara da abin da ya zo bakinsa yake aiki.

Kafin mu ci gaba, ga kalmomin da za mu yi amfani da su. "Daidaito" shi ne duk rubutun lissafi mai ɓangare biyu da alamar = a tsakani. Mun guji kiran sa "jimla", duk da cewa jimla ce ta fuskar nahawu, domin a Hausa wannan kalma tana nufin sakamakon tarawa ma, kuma a darasin lissafi ma'ana ta biyun ce za ta riga zuwa kan ɗalibi. "Gutsure" shi ne lamba irin 2/3, mai "lambar sama" da "lambar ƙasa". "Gaɓa" ita ce kowane yanki da alamar tarawa ko ta ɗebewa ta ware. Daidaiton da muke magana a kai shi ne miƙaƙƙe, wato wanda ɓoyayyar lambarsa, x, ba a ninka ta da kanta ba.

Hanyar kanta

Hanyar gajera ce. Daidaito kamar sikeli mai faranti biyu yake: duk abin da aka yi wa faranti ɗaya, idan aka yi wa ɗayan, sikelin ba zai rinjaya ba. Don haka sai a nemi ƙaramar lambar da duk lambobin ƙasa za su raba ta ba saura, a ninka kowace gaɓa ta ɓangarorin biyu da ita. A misalinmu na sama, lambobin ƙasa 2 ne da 3, ƙaramar lambar da suka yi tarayya a kanta kuwa 6 ce:

6 × x/2 + 6 × x/3 = 6 × 10
3x + 2x = 60
5x = 60
x = 12

Gutsure ya kau tun a layi na biyu, abin da ya rage kuwa ɗalibi ya riga ya iya shi. Rabin 12 shi ne 6, sulusinsa 4, a tara su a sami 10.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A takardar lissafin Masar ta dā da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, tambaya ta 24 tana neman adadin da idan aka ƙara masa kashi ɗaya cikin bakwai nasa zai zama 19. Magatakardan ya fara da cankar 7. Bakwai da kashi ɗaya cikin bakwai nasa ya ba shi 8, sai ya gyara cankar gwargwadon yadda 19 ta fi 8. Da hanyarmu, x + x/7 = 19 zai koma 7x + x = 133, amsa kuma 133/8, wato 16 da 5/8. Bai zaɓi 7 da ka ba. Ya zaɓe ta ne domin ita ce lambar da za ta kawar masa da gutsuren.

Inda karatu da baki ke ɓata lissafi

Hausa tana da hanya uku ta faɗin gutsure, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai sunaye: rabi, da waɗanda aka aro daga Larabci, wato sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri, sai kuma kwata da ta zo daga Ingilishi. Akwai "kashi ɗaya cikin uku". Akwai kuma "ɗaya bisa uku", wanda shi ne ya fi yawa a makaranta.

"Ɗaya bisa uku" wuri kawai yake bayyanawa: ga lamba a sama, ga wata a ƙasa. Bai ce an raba kome ba. Ɗalibin da wannan kaɗai ya sani yana ganin lambobi biyu ne masu zaman kansu, shi ya sa idan ya ga x/2 + x/3 yakan tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya sami 2x/5, daga nan ya ce x daidai yake da 25. Maganin wannan a cikin harshen yake. A tambaye shi, rabin lemo da rabin lemo nawa ke nan? Ba yaron da zai kasa cewa lemo guda. A sa shi ya yi da hanyarsa: ɗaya da ɗaya biyu, biyu da biyu huɗu, ya sami 2/4, wato rabi da rabi sun ba da rabi. Shi da kansa zai ga abin bai yiwu ba.

"Kashi ɗaya cikin uku" ya fi ɗaukar ma'ana, amma shi ma da nasa tarkon. Idan aka ce "a raba shi kashi uku", ukun lambar ƙasa ce. Idan aka ce "kashi uku cikin goma", ukun lambar sama ce. Kalmomi biyu iri ɗaya, matsayi daban. Ya kamata malami ya san da haka, ya riƙa cika maganar har ƙarshenta, kada ya tsaya a "kashi uku".

Matsala mafi girma a wurinmu ita ce ta iyakar layin da ke tsakanin sama da ƙasa. Wannan layi na kwance, wanda ake danganta fara amfani da shi ga malamin lissafin Magrib al-Hassar a ƙarni na 12, kuma Fibonacci ya yi aiki da shi a littafinsa na 1202, aiki biyu yake yi lokaci guda: yana nuna rabawa, yana kuma ɗaure duk abin da ke samansa ya zama ƙunshi ɗaya, tamkar baka biyu. Ido yana ganin tsawon layin. Kunne ba ya gani. Idan malami ya ce "x a tara da uku bisa huɗu", ɗalibi ɗaya zai rubuta x + 3/4, na kusa da shi ya rubuta (x + 3)/4, kuma babu wanda ya yi kuskuren ji a cikinsu. Muna ba da shawara a tsayar da ƙa'ida ɗaya a duk azuzuwa: idan lambar sama ta ƙunshi gaɓa fiye da ɗaya, a sa kalmar "duka" kafin "bisa". "X da uku, duka bisa huɗu" ba shi da fassara biyu. Kalma ɗaya ce, ba ta da tsada, kuma ita ce ke tuna wa ɗalibi ya sa baka biyu a lokacin da ya ninka.

Ga misalin da ke nuna amfanin haka:

(2x + 1)/3 − (x − 2)/4 = 5

Lambar tarayya 12 ce. Bayan ninkawa:

4(2x + 1) − 3(x − 2) = 60
8x + 4 − 3x + 6 = 60
5x + 10 = 60
x = 10

A mayar da 10 a gurbin x: 21 bisa 3 shi ne 7, 8 bisa 4 shi ne 2, a ɗebe 2 daga 7 saura 5.

Kurakurai biyu ne suka fi fitowa a irin wannan tambaya, kuma kowanne yana barin sawunsa a amsa. Wanda bai sa baka biyu ba zai rubuta −3x − 6 a maimakon −3x + 6, domin a wurinsa alamar ɗebewa x kaɗai ta shafa; zai ƙare da 5x = 62, wato x = 62/5. Wanda kuma ya ninka gutsattsarin kaɗai ya bar 5 yadda take, zai sami 5x + 10 = 5, wato x = −1. Malamin da ya san waɗannan amsoshi biyu zai gane ciwon ɗalibi tun kafin ya karanta aikinsa. Kuskure na biyun ma yakan samo asali ne daga bakin malami: idan aka ce "mu kawar da gutsure", ɗalibi ya fahimci cewa aikin na gutsure ne, ita kuwa 5 ba gutsure ba ce, me zai kai shi taɓa ta? Gara a ce "mu ninka kowace gaɓa, hagu da dama", sannan a ƙidaya gaɓoɓin da murya kafin a fara: ɗaya, biyu, uku.

Ita ma ɗebewa tana buƙatar kulawa. "A ɗebe 2 daga x" yana ambaton 2 kafin x, alhali a rubuce x ce ke gaba, don haka wasu kan rubuta 2 − x. Amma Hausa tana da tsarin da ke bin rubutun sau da ƙafa. Bahaushe yakan ce "ashirin ba ɗaya" yana nufin 19, "talatin ba biyu" yana nufin 28. Babbar lamba a gaba, abin da aka cire a baya. "X ba biyu" karatu ne na x − 2 da yaro ya saba ji a kasuwa, kuma ba ya juya masa tsari.

Aikatau masu ɓoye aikin

Akwai maganganu biyu da suka zama ruwan dare a bakin malamai. Ta farko ita ce "idan lamba ta tsallaka sai ta canja alama". Ta biyu ita ce "a giciya", wato a ninka saman hagu da ƙasan dama, saman dama da ƙasan hagu. Dukansu suna ba da amsa daidai a inda suka dace, kuma suna da sauri, shi ya sa ake son su. Aibinsu shi ne suna siffanta motsin alƙalami a kan takarda, suna ɓoye abin da aka yi wa sikelin. Lamba ba ta tsallakawa ko'ina. Ɗebe ta aka yi daga ɓangarorin biyu.

Giciyawa ta fi haɗari. A (x + 1)/2 = (x + 4)/3 tana aiki: 3x + 3 = 2x + 8, x = 5. Tana aiki ne domin a nan daidai take da ninka ɓangarorin biyu da 6. Amma ɗalibin da ya riƙe ta a matsayin doka zai kai ta ga x/4 + 1 = 5/2, inda ɓangaren hagu ke da gaɓa biyu, ya sami 2x + 1 = 20 ko kuma 2(x + 1) = 20, wato 9 da rabi ko 9. Amsar gaskiya 6 ce, daga x + 4 = 10. A ganinmu bai kamata a koyar da giciyawa a matsayin hanya mai zaman kanta ba. A bari ɗalibi ya ninka da lambar tarayya har ya gaji, ya lura da kansa cewa a wasu tambayoyin akwai yanke. Wanda ya gano yanken da kansa ya san inda ya tsaya.

Abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida

A nan ne muke ganin masu tsara manhaja sun bar dukiya a ƙasa. Kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Babu alama ko ɗaya a littafin; da zance ya warware kome, domin ita kanta alamar = sai a 1557 Robert Recorde ya shigo da ita a Birtaniya. Babban yanki na ƙarshen littafin kuwa a kan lissafin wasiyya da gado yake. Wato tun farkon wannan fanni, rabon gado na daga cikin wuraren da daidaito mai gutsure ya fi aiki.

Wannan ilimi yana raye a ƙasar Hausa. Kasonnin gado da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Abin da malamin fara'il ke fara nema shi ne "asalin mas'ala", kuma asalan da aka sani su ne 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Wannan asali ba wani abu ba ne illa ƙaramar lambar da duk lambobin ƙasa ke raba ta ba saura. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, saura na ɗan ne. Idan ɗan ya sami naira 340,000, nawa aka raba?

x − x/8 − x/6 = 340,000

Asali 24 ne: 24x − 3x − 4x = 8,160,000, wato 17x = 8,160,000, x kuwa 480,000. Matar ta sami 60,000, uwar 80,000. Malamin zaure zai ce mas'alar daga ashirin da huɗu take, mata uku, uwa huɗu, ɗa goma sha bakwai, ba tare da ya rubuta x ba. Layi na biyu na aikinmu ke nan ya faɗa da baki. Saboda haka muna ganin "asali" ta cancanci a duba ta a matsayin keɓaɓɓiyar kalma, a maimakon doguwar fassara irin "ƙaramin ninkin tarayya" da ke cika baki. Gajera ce, tsohuwa ce a harshen, kuma aikin da take yi a zaure shi ne aikin da ake so ta yi a aji.

Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Ba kowace mas'alar gado ce ta dace da wannan darasi ba. Idan mace ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, rabi da sulusi biyu sun kai 7/6, sun haura dukiyar, sai a ɗaga asali daga 6 zuwa 7. Wannan hukunci ne na fiƙihu mai suna auli, kuma kawo shi a nan zai rikita wanda yake koyon cewa gutsattsarin abu ba sa wuce abin. Na biyu, ba kowane mai jin Hausa ne ya tashi da wannan ilimi ba. Ajin Sabon Gari a Kano, ko na Jos, ko ajin da ake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a kudancin ƙasar nan, yana buƙatar misalai daga gona da kasuwa. Ko a cikin birnin ma, bai kamata a ɗauka cewa yaron yau ya san sudusi da sumuni ba. Rabi da kwata ne ba a shakka a kansu, sauran kuwa sai an koyar.

Misalin gona ma yana da nasa darasin nahawu. Manomi ya sayar da sulusin buhunan masararsa, ya ba da rubu'in abin da ya rage, ya tsira da buhu 18. Buhu nawa ya noma? Ɗafin nan na -n da ke jikin "sulusin" da "rubu'in" shi ne alamar ninkawa, kuma sunan da ya biyo bayansa shi ne abin da za a ninka. Sulusin buhuna shi ne x/3. Rubu'in abin da ya rage kuwa rubu'in 2x/3 ne, wato x/6. Daidaiton ya zama x − x/3 − x/6 = 18, asali 6, 3x = 108, x = 36. Wanda bai kula da abin da ya biyo bayan ɗafin ba zai rubuta x/4, ya ƙare da buhu 43 da ɗoriyar humusi. Wannan aiki ne da malamin Hausa zai iya taya malamin lissafi, tun da shi ne ke koyar da ɗafin mallaka, sau da yawa ga ɗalibai guda a zango guda.

Abin da ya shafi masu tsara manhaja

Jerin da muke ganin ya fi dacewa shi ne a fara da gutsure mai suna kuma mai gaɓa ɗaya a sama, a bi da mai gaɓa biyu a sama inda "duka" ke shigowa, sannan mai alamar ɗebewa a gaban gutsure. Tambayoyin zance su zo tun daga makon farko, kada a ajiye su sai ƙarshe kamar yadda littattafai da yawa ke yi, domin su ne ke nuna ko ɗalibi ya fahimci abin da layin tsakiya ke nufi. Jagoran malami kuma ya ƙunshi yadda za a karanta kowane misali da Hausa, a rubuce, ko da littafin ɗalibi da Ingilishi yake.

Mayar da amsa cikin daidaiton farko ya zama sashe na aikin, mai makinsa na kansa. Dalilin haka yakan fito fili idan aka kai ga daidaiton da x ke ƙasa, wanda sai an ninka yake komawa miƙaƙƙe. A x/(x − 2) = 2/(x − 2) + 3, ninkawa da x − 2 yana ba da x = 2 + 3x − 6, wato x = 2. Kowane mataki daidai ne. Amma idan aka mayar da 2, lambar ƙasa ta zama sifiri, rabawa da sifiri kuwa ba ta da ma'ana, don haka wannan daidaito ba shi da amsa. Irin wannan tambaya guda ɗaya ta isa a sa a ƙarshen babin, a bar ɗalibai su kai ga 2 da kansu kafin malami ya ce su mayar da ita.